Kwalabe Uku na Malam Yusha'u

Da hantsi aka kira Sufeto Nu'uman zuwa asibitin da ake killace masu korona a Batsari. Kwalabe uku na maganin kashe kaifin ƙwayar cutar sun yi ɓatan dabo. Su ne ragowar na Malam Yusha'u, malamin firamare da ke kwance yana kokawa da numfashi.

"Babu wasu?" Sufeto ya tambayi Likita Kamila.

"Ko ɗaya. Na kira Katsina, wai sai mako mai zuwa. Allurar kwantar da kumburin huhu kawai muke masa, kuma jikin sai baya yake yi. Don Allah ka nemo su yau."

Nas Rahma ta rantse ba ta ɗaga daga ɗakin ba. Da Sufeto ya tsare ta da ido, sai ta ce to, jiya ta je la'asar, ta bar tiren magani a bakin taga. Ta tagar nan kuwa dangi ke miƙo abinci.

A gindin darbejiyar harabar asibitin Sufeto ya iske Mani, ƙanen Malam Yusha'u, ya haɗa kai da gwiwa.

"Tun jiya ban motsa daga nan ba, yallaɓai."

Sufeto ya shafa tayar babur ɗin Mani. Laka ce ɗanya shakaf, alhali rabon garin da ruwa an kwana biyu.

"Me ya yanke ka a yatsa?"

"Lauje."

"Lauje a asibiti? Haba, Mani."

Ya zazzage jakar babur. Wasu 'yan murafun ƙarfe irin na kwalaben allura suka faɗo, duk an ɓanɓare su da wuƙa. Sufeto ya ɗago ya dubi Mani.

Mani ya durƙushe. "Innarmu na kai wa, yallaɓai, a ƙauyenmu Wagini. Tarinta iri ɗaya da na Yaya. Ta ce ko za ta mutu ba ta zuwa nan, wai wanda ya rasu a nan ba a ba danginsa su yi masa wanka. Da na buɗe na ga gari ne a ciki, sai na dama mata a kunu."

"Duka ukun?"

"Duka."

Likita Kamila, wadda ta biyo bayan Sufeto, ta dafe kai. "Innalillahi! Ta jijiya ake ba da shi. Ta baki kam, daidai yake da ka zubar a ƙasa."

"Ya jikin Innar?" in ji Sufeto.

"Da zan taho ko gane ni ba ta yi ba."

Wallahi Sufeto bai taɓa kama ɓarawo ya ji ya tsani aikinsa irin yau ba. Ya ciro ankwa, sai kuma ya mayar da ita aljihu, ya riƙo hannun Mani, don dole sai ta gaban tagar ɗakin Malam Yusha'u za su wuce.

Malam Yusha'u ya janye robar iska daga fuskarsa da ƙyar.

"Mani... ya Inna?"

Mani ya juyo. "Tana gaishe ka, Yaya."

Sai da suka sha kwana Sufeto ya sa masa ankwar.