Rediyon Don Fortunato

A titin Paruro na birnin Lima a ƙasar Peru Edilberto, wanda ake kira Edi, ya fara ganin Nélida, ta shigo shagonsa na gyaran rediyo rungume da rediyo kamar jariri.

"Na babana ne," ta ce. "Tashar ƙauyenmu kaɗai yake saurara, yanzu kuwa ya yi gum."

Ya sa sukudireba ya buɗe bayan. Ba komai ciki sai lasifika da ɗan allo mai wayoyi.

"Wannan ba a iska yake kamo tasha ba, ta intanet yake bi. Kamfanin da ke ba shi adireshin tashoshi ne ya rufe. Sai mu sa masa adireshin da hannu."

"To sa mana, sarkin sani."

Yana sawa muryar mai gabatarwa ta fito tangaran: "Rómulo ne naku! Gaisuwa ga Nélida, furen garinmu, daga mai ƙaunarta." Ta yi murmushi. Edi kuwa, da ko awa bai yi da saninta ba, sai ya ji zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Soyayya dai ta ƙullu. Kullum sai ya tura mata saƙo: "'Yar tsuntsuwata, kin ci abinci?"

"Na ci, sarkin sani. Kai fa, ko yau ma waya ka ci?"

Amma mahaifinta, Don Fortunato, ya ce atafau bai yarda ba. Yaron birni, ko gaisuwa bai iya da Kechuwa, yaren ƙauyensu, ba! Ga kuma Rómulo, duk Lahadi da rana sai ya rangaɗa gaisuwar nan. Edi ya bi ya rame. Da aka sake kawo rediyon saboda lasifika na karkarwa, kishi ya ja hannunsa ya goge adireshin.

"Tashar ta rufe," ya ce, bai iya kallon idonta ba.

Abin da ɗan birni bai sani ba, a tashar nan ake sanar da rasuwa, 'yan ƙauyen da ke Lima su kama hanya. Aminin Don Fortunato ya rasu aka binne, tsoho bai ji ba sai bayan mako uku. A ranar Nélida ta nemi tashar a wayarta, ga ta nan tana kiɗa lafiya lau.

"Ka yi mini ƙarya, Edi. Babana na kuka. Kada ka sake nemana."

Ya karanta saƙon nata ya fi sau goma. Washegari ya ɗauki kayan aikinsa har gidansu, wajen tsohon.

"Ni na goge, Baba. Kishin Rómulo nake yi."

"Rómulo?" Tsoho ya zaro ido. "Kai wawan ina ne? Ni nake aika gaisuwar! Shi karantawa kawai yake yi. Uba ba zai kira 'yarsa fure ba?"

Kunya ta rufe Edi. Ya zauna ya nuna wa tsohon yadda ake sa adireshin, harafi bayan harafi, har tsohon ya sa da hannunsa.

"Yanzu ba mai iya raba ka da garinku, ko ni."

Nélida na bakin ƙofa tana ji. Wata biyu ta bar shi yana gasuwa, sannan ta rubuta: "Gobe za mu dafa miyar kaza. Baba ya ce ka zo, amma ka koyi gaisuwa tukuna."

A cocin ƙauyensu aka ɗaura auren. Rómulo, ashe mai tumbi ne da 'ya'ya biyar, ya nemi rawa da amarya. Edi ya ce masa bismilla, amma a tsaye ya jira har kiɗan ya ƙare.

Don Fortunato ya haɗa hannuwan ango da amarya.

"Aminina da ka hana ni rakawa kabari, na yafe maka. Wannan kuwa da raina na ba ka ita, ka bar ta ta riƙa zuwa ganina. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Baba," Edi ya amsa, da Kechuwarsa mai tuntuɓe.