Tsagar Bangon Gabas

Rana ta yi ja a kan kogin Kwara, kaji sun fara hawa makwancinsu, sa'ad da Sabuwa ta wanke hannunta daga yaɓen bango. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ce, kuma mijinta Kimba, mai fataucin bandar kifi, ya ƙudura komawa garinsu a tsallaken iyakar Dahomey, don can yake so ta haihu a gaban uwarsa. Cikinta ya tsufa. Abu ɗaya ya tsare su a Bagudo: mundayenta na azurfa, gadon mahaifiyarta, da suka ba Namadi mai gida jingina ranar da suka kama haya.

Da safiyar ranar Namadi ya zo ya zagaya gidan kamar mai sayen doki. Ya nuna azarar da hayaƙi ya baƙanta, ya nuna dokin ƙofar da ƙafa ta cinye, da ƙyauren da ya ƙone, sannan ya tsaya a kan wata doguwar tsaga a bangon gabas.

"Ƙyaure ni na ƙone shi, wutar banda ce," in ji Kimba. "Amma hayaƙi da sawun ƙafa, ai zama ya kawo su. Wagga tsaga kuwa nan muka iske ta."

"Lafiya lau na ba ka gidana," in ji Namadi. "A gyara, ko mundaye su zauna."

Shi ya sa Sabuwa ta kwaɓa ƙasa ta toshe tsagar da hannunta, ta shafe ta sumul.

Kimba yana alwalar magariba ya ji wani abu ya faɗo kusa da butarsa. Ɓaraguzan busasshiyar ƙasa ne. Ya ɗaga kai, babu kowa bisa katanga. Wani ya sake faɗowa, sai wani ya fasa tulu. Kajin suka yi tsit. Can cikin ɗakin kuma ya jiyo ƙwanƙwasa a hankali, daga cikin bangon kansa, kamar ana bugawa da ƙananan hannuwa.

Haka aka yi ta yi kullum da faɗuwar rana. Maƙwabta suka daina aiko a ɗebi wuta. Sabuwa ta bar cin abinci, sai ta zauna ta jingina kunnenta da bangon, idonta a buɗe ba ƙiftawa. Ranar da Kimba ya kama kafaɗarta zai tashe ta, ta hankaɗe shi da hannu ɗaya har ya bugi turmi, ta kalle shi da idon da bai taɓa gani ba. Tun kafin gari ya waye ya ɗaura wa jaki akumari ya nufi Zagga, wurin Malam Bunyaminu, tsohon da aka sani da aikin ruƙiyya.

Malam ya iso da la'asar, ya ce a kira mai gida. Namadi ya zo, amma ya ƙi wuce bakin zaure sai da Malam ya daka masa tsawa. Aka zaunar da Sabuwa bisa tabarma. Malam ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa, ya daɗe yana yi, inuwa tana cin tsakar gida. Sai jikinta ya soma ɓari, bakinta ya buɗe, muryar wani tsoho mai kaushi ta fito.

"Bari ƙona ni, Malam."

"Wane ne kai, kuma mi ta yi maka?"

"Ƙofata ta toshe. Ɗiyana na ciki. In nawa ba su fito ba, nata ba shi fitowa."

Kimba ya durƙusa yana salati.

"Tun yaushe kake bi ta nan?" in ji Malam.

"Tun uwar wancan na goye da shi. Ita ta san ni. Shi ma ya sani."

Malam ya juya ga Namadi. "Ba a yanke hukunci da shaidar aljani. Ga Alƙur'ani. Dafa ka ce bangonka lafiya yake ran da ka ba da haya."

Namadi ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska. Ya janye shi. Da kyar ya ce uwarsa ta hana a taɓa tsagar har ta rasu, kuma saboda tsagar ne ya kwashe iyalinsa ya sa baƙi haya.

Aljanin ya nemi jinin baƙin bunsuru. Malam ya ce ko na ƙuda ba zai samu ba. Ya nemi a bar masa ɗakin har abada, Malam ya ƙara karatu har muryar ta koma kuka. Daga ƙarshe suka daidaita: a buɗe masa ƙofarsa, ya kwashe 'ya'yansa ya koma tsohuwar kukar da ke bayan gari, ya kuma rantse ba zai bi matar nan ƙetare ba.

Kimba ya ɗauki fartanya ya sari yaɓen. Wata iska mai sanyi da warin tsohuwar rijiya ta fito ta tsagar, ta ratsa tsakanin ƙafafunsu, ta kaɗa zanen da ke kan igiya, ta fice ta zaure. Sabuwa ta yi atishawa, ta sulale ƙasa.

Washegari Namadi ya aiko da mundayen a ƙulle cikin tsumma, bai zo da kansa ba. Kimba bai tafi ba sai da ya sa masassaƙi ya yi sabon ƙyaure, ya kafa shi da hannunsa, don wannan ɓarnarsa ce.

Suna cikin kwalekwale, Bagudo ta fara ɓacewa bayan ciyawar bakin ruwa, Sabuwa ta yi maganarta ta farko. Kimba ya zaci ba ta tuna komai ba.

"Na ji su," ta ce, hannunta bisa cikinta. "Ƙaraminsu bai ma iya magana ba, kuka kawai yake. Da ni ce uwarsu, da ba jifa kaɗai zan yi ba."