Karatun Najeeba a Barunde

Asta na tankaɗen garin tuwo a tsakar gidansu na Jekadafari, sai ga surukarta Hajiya Sadiƙa ta faɗo ko sallama babu, ta dangwarar da kular abinci a gabanta.

"Daga makarantar Najeeba nake! Na kai wa jikata abinci, hedimasta ya ce rabonta da aji zango biyu ke nan. To ina kuke kai ta kullum da yunifom?"

Rariya ta suɓuce daga hannun Asta. Najeeba, 'yarsu tilo mai shekara bakwai, sikila ce. Tsayuwar asambili da ƙishirwa sun sha kwantar da ita a asibiti, shi ya sa Asta da mijinta Zulkifilu suka cire ta daga makaranta a ɓoye. Kullum da safe sai su sa mata yunifom don idon Hajiya, uban ya ɗauke ta a babur zuwa Barunde, inda iyaye mata biyar masu yara irinta suka haɗa ƙungiya. Kowace uwa da ranarta da darasinta, wata tsohuwar malama, Madam Margaret, ke tsara musu. Yaron da ya gaji sai ya kwanta a tabarma, ba mai ɗaga masa bulala. Amma fa sun tafka wauta — wa ke ɓoye wa tsohuwar hedimistires irin Hajiya zancen makaranta?

Zulkifilu na shigowa Hajiya ta tare shi. "Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane, a ce jikata a tsakar gidan wasu take karatu? Ran Litinin ta koma aji. Wannan maƙaryaciyar kuma ta bar mini gida yau, ko na cire ka daga cikin 'ya'yana!"

"Dada, don Allah ki tsaya ki ji..."

"Ba na ji!"

A ɗaki Asta ta riƙe rigarsa tana kuka. "Baban Najeeba, tare muka yanke shawarar nan. Ka faɗa mata mana!"

"I'm sorry, Asta. Wallahi ina son ki, amma uwata ce. Ki je gida tukuna."

Kaico! Namiji har namiji, ya kasa haɗa ido da ita. Haka ta tafi gidan iyayenta, ko ƙorafi ba ta kai wa kowa ba. Wata guda ba ta iya cin abincin kirki, kullum waya na hannunta, shi kuwa kunya ta hana shi kira.

Najeeba kuwa aka mayar da ita aji. Wata ranar Laraba ruwan sama ya doke ta a filin makaranta. Kafin la'asar ciwo ya tashi, tana ihu tana kiran Mami. Likita ya ce ƙashin ƙugunta ya taɓu, ko ta warke sai da ɗingishi.

Asta ta iso asibiti a gigice, Hajiya ta kau da kai. Washegari sai ga Madam Margaret da littafi da fulas ɗin kunu. Jibi wata uwar ta zo, gata wata. Ashe jadawalinsu suka kwaso zuwa bakin gadon. Hajiya na gefe tana kallo, har ranar da ta ji Najeeba ta karanta shafi guda cur ba gargada.

"Wa ya koya mata wannan?"

"Mamanta ce, Hajiya," in ji Madam Margaret. "Ita ke da Talata."

Hawaye suka zubo wa Hajiya. "Asta, ni na jawo wa yarinyar nan. Ki yafe mini, ki koma ɗakinki."

"Mu ma mun yi laifi, Dada, da muka ɓoye miki."

Zulkifilu ya durƙusa gaban matarsa yana roƙon gafara. Ta yafe masa, don har yanzu tana son sa.

Haƙurin Asta ya dawo mata da aurenta, Hajiya ma ta karɓi ranar Alhamis a ƙungiyar tana koyar da lissafi. Sai dai ƙarya da girman kai in suka haɗu a gida ɗaya, yaro ne ke shan wahalarsu. Manya duk sun shirya, Najeeba kuwa har yau da sanda take tafiya.