Filin da Na Bari a Shafi

"Wannan mene ne?"

Na ɗaga jaridar sama, tawadar ma ba ta gama bushewa ba. Shi kuwa saurayina yana jingine da injinsa na buga takardu yana murmushi, wai jira yake in yaba.

"Aikinki ne, hasken idona. Na ɗan gyara miki."

Gyara...

Furanni ne jere a gefen shafin farko. Ƙarƙashin kanun labari ya dasa tsuntsaye biyu suna kallon juna, a labarin ambaliyar ruwa fa. Duk inda na bar fili fari ya cusa wani abu, haruffan ma ya matse su don ado ya samu wurin zama.

Digiri na biyu nake yi a fannin tsara shafukan jarida, kuma wannan ce jaridar gwajin da zan kare gaban malamai a ƙarshen mako. Saboda Baba na zaɓi aikin. Mutum ne da ba ya karyawa sai da jarida a hannu, har idonsa ya yi rauni ya koma miƙo mini in karanta masa, yana nuna wai muryata yake son ji. Shi ya sa na tsara jarida don masu raunin gani: manyan haruffa, layi nesa da layi, da fili wadatacce inda ido zai huta. Na ɗauka na kai maɗaba'ar mutumin da zan aura, don a ganina babu inda aikin zai fi samun kulawa. Ai kuwa ya samu.

"Wa ya ce ka taɓa?"

"Ƙanwata ce ta buɗe a kwamfuta, ta ce hotuna ne suka ɓace a hanya. In ba a cike ba, wai za ki ji kunya gaban malamai."

'Yar kawunsa ce, ita ke zama kan kwamfutar shagon, kuma tun da maganar aurenmu ta fito take amsa gaisuwata a ciki. Na juya na kalle ta, ta duƙufa kan allo kamar ba ta wurin. A gabanta na yi bayanin filin nan, ta fi kowa sanin babu abin da ya ɓace.

"Kai kuma ba ka da waya da za ka tambaye ni?"

"So na yi in ba ki mamaki, 'yar lele."

"Ka ba ni."

Ita dai ta san inda za ta taɓa shi. Mutumin nan bai iya ganin wuri babu komai ba. Bangon shagonsa ko tafin hannu ba za ka samu inda za ka ɗora ba don kalanda. In muka yi shiru na ɗan lokaci sai ya tambaya ko ya yi laifi. Ina son shi, Allah ya sani, amma ranar na gaji har cikin ƙashina.

"Filin nan ba kuskure ba ne," na ce. "Shi ne aikin. Kai ba ka barin komai ya numfasa, har da ni."

Na naɗe jaridar na fita.

A gida Umma ko tausaya mini ba ta yi ba.

"Dama na faɗa miki. Duk karatun nan, ki rasa wanda za ki kawo sai mai tawada a farce? Ga ɗan ƙawata nan, likita, har gobe yana tambayarki."

"Umma, don Allah..."

"Kawo in gani, uwata," in ji Baba.

Na miƙa masa. Ya kai ta kusa da hanci, ya janye nesa, ya juya wajen taga. Can ya miƙo mini yana murmushi.

"Ta yi kyau. Karanta mini."

Ban karanta ba. Ɗaki na shige na yi kukan da ban yi a shagon ba.

Wayata kuwa ba ta huta da saƙonninsa ba: ban haƙuri, hotunan furanni, wani ban haƙurin. Na rubuta masa, "Ka bar ni." Abin haushi sai ya bar ni ɗin. Shiru kake ji. Na yi ta ɗaga wayar ina dubawa ko ta lalace, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina.

Na shiga zagayen maɗaba'u. Wannan ya ce injinsa ba ya ɗaukar babbar takarda, wancan ya ce sai wani makon, wani ma ya leƙa shafin ya tambaye ni ko a ƙara masa kwalliya. Ana gobe zan kare aikin na dawo da la'asar, ƙafafuna sun yi tsami, ba ni da komai sai jaridar tsuntsaye.

Tun daga bakin ƙofa na ji muryar Baba. Karatu yake yi a bayyane, a hankali, labarin ambaliya.

Na leƙa falo. Jaridata ce a hannunsa, an sake buga ta yadda na tsara ta, fara tas, ko ɗigo ba a ƙara ba. Sauran kwafin na jibge kan tebur. A gefe ga mutumin nawa a takure kan kujera, hannu kan gwiwa, gumi na bin wuyansa. Bakinsa a rufe. Ban taɓa ganin haka ba.

Umma na tsaye bayan labule ta kama baki.

Baba ya kai ƙarshen shafi, ya juya na biyu da kansa, bai ko ɗago ya neme ni ba.

Sai da na raka mutumin nawa ƙofa ya yi magana.

"Na mayar da ƙanwata wajen ɗinkin littattafai, ba za ta ƙara taɓa kwamfuta ba. Amma laifin nawa ne, ban tambaye ki ba." Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya fasa. "Shi ke nan. Na yi shiru."

"Yana yi maka wuya?"

"Kamar in mutu."

Na juya baya don kada ya ga dariyata.

Malamai sun karɓi aikin, har babbansu ya nemi kwafi zai kai wa mahaifiyarsa. Umma ba ta sake ambaton likita ba, sai dai takan ce a gaya wa yaron nan ya riƙa wanke farce.

Da lokacin buga katin biki ya zo, ni na tsara, shi ya kawo gwaji. Farin kati ne, layi huɗu a tsakiya.

"Ban taɓa komai ba," ya ce. "Amma wallahi kusurwar nan tana hana ni barci."

Na dube shi, na dubi kusurwar.

"Fure ɗaya. Ƙarami."

"Da ɗan tsuntsu?"

"Kada ka sa in fasa."

Baba ne ya fara karɓar katin. Ya riƙe shi nesa da fuska, ya karanta sunayenmu da kansa, sannan ya nuna furen ya tambaya ko datti ne.