Haɗin Tanti Halimatu

Balkisa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki ta duba madubi, ta fito tsakar gida, ta sake komawa. Ƙuraje ne suka feso mata a goshi da haɓa, irin waɗanda ke damun ƴanmata in zafin Yamai ya tsananta. Shekararta sha tara, tana ajin ƙarshe a makarantar lise, amma ba jarrabawa ce ta hana ta sukuni ba. Saurayinta Halidu, mai gyaran firij a unguwar Harobanda, ya ce bayan Salla mahaifiyarsa za ta zo unguwarsu Lazare ta gan ta.

— Ki bar matse su! in ji Inna, mahaifiyarta, daga bakin murhu. Farcenki ne ke bar miki tabo. Ki wanke da sabulu safe da yamma, ki riƙa sake rigar matashinki, ki ƙyale fuskar nan ta huta.

— Inna, tun bara kike cewa ta huta!

Suna cikin haka sai ga Tanti Halimatu, ƙanwar babanta, mai sayar da man shafawa a kasuwar Lazare. Ko zama ba ta yi ba ta kama haɓar Balkisa ta juya ta wajen haske.

— Subhanalla! Da wannan fuskar za ki tari surukarki? Ke kin san gidansu kuwa? Ba ke kika nuna mini hoton yayarsa marigayiya a wayar portabul ba? Fara sol! Gidan farare ne, ɗiyata.

— Ai Halidu baƙi ne, Tanti.

— Namiji ne, ubansa ya biyo, wa ya damu da shi? Uwar da ta haifi wannan farar ba za ta kalle ki sau biyu ba!

Ta zaro wata kwalba marar suna daga jaka. Haɗinta ne na kanta, ta matse tib-tib na man sa fata fari a ciki ta ƙara ruwan lemun tsami. Inna ta ce a'a. Tanti ta ce ɗiyar wanta ce, tana da iko da ita. Amma da Tanti ta tafi, kwalbar na ƙarƙashin katifar Balkisa.

Kafin azumi ya raba, ƙuraje sun ɓace, fuska ta yi haske. Ƙawaye a lise suna ta ihu: "Masheri, kin yi klas!" Sai dai rana na cizon kumatunta kamar barkono, gaɓoɓin yatsunta kuma sun ƙi bin sauran jiki, sun tsaya baƙaƙe.

Halidu ya daɗe a Doso wajen aiki. Ranar da ya dawo, bayan la'asar ya tsai da moto a ƙofar gidansu, ya zauna a benci. Balkisa ta fito da murmushi, ta zauna a gefen benci tana jiran yabo. Ya dube ta. Ya ja numfashi sau ɗaya, sai ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

— Balkisa, mi kike shafawa?

— Ba komai... hutu ne kawai.

— Kar ki yi mini haka. Na san warin nan. Da shi na yi jinyar yayata a asibiti har ya zauna mini a riga.

Muryarsa ta yi ƙasa, har sai da ta matso kafin ta ji.

— Yaya Jamila ta fi ni baƙi. Man nan ne ya mai da ita yadda kika gani a hoto. Da haihuwa ta zo aka yi mata aiki, ɗinkin ya ƙi kamawa. Likitoci suka ce fatar ta yi siriri, zare ba ya riƙe ta. Ciwon ya ruɓe muna kallo. Ta tafi ta bar jaririya. Har yau Ayya, mahaifiyarmu, ba ta bin layin masu kayan shafa a kasuwa, zagayawa take.

Ashe Tanti Halimatu na zaure tana saurare. Ta fito tana tafa hannu.

— Kai yaro! Likita ne kai ko mai gyaran firij? Ajali ne ya ɗauki yayarka, kar ka ɓata mini sana'a! Mata nawa ke shafawa suna haihuwa lafiya?

— Ajali ne, Tanti, na yarda, in ji Halidu, idonsa ya kaɗa. Amma ni na riƙe hannunta. Ba zan kawo Ayya ta shaƙi wannan warin a jikin wadda nake so ba. Ba zan iya sake tsayawa a bakin wannan gadon ba.

Ya hau moto ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Balkisa ta faɗa jikin Inna tana kuka.

— Don shi na yi, Inna! Don uwarsa ta so ni!

— Na sani. Share hawayenki, gobe mu je wajen likitar fata.

Likitar ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce fatar ta saba da man, in an raba su za ta yi fushi, sai abin ya ƙara muni kafin ya gyaru. Ta ba ta magani, ta ce sabulu marar ƙarfi, man kaɗanya kaɗan a inda ya bushe, ta rufe fuska daga rana, kada lemun tsami ya sake kusantar ta, kada ta taɓa ƙurji da farce.

Haka kuwa aka yi. Fuskar ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, sannan ta yi duhu fiye da da, dabbare-dabbare. Ƙawayen da suka yi ihu suka koma raɗa. Salla ta zo ta wuce, babu wanda ya zo daga Harobanda. Balkisa ta ɗauki portabul ta ajiye, ta leƙa ƙofa ta dawo, duk ƙarar moto sai ta miƙe ta duba.

Tanti ta dawo da sabuwar kwalba.

— Kin ga abin da taurin kai ya ja miki? Ba saurayi, ba fuska! Karɓi, kafin Juma'a kin dawo mutum.

Balkisa ta daɗe tana kallon kwalbar. Hannunta har ya ɗaga. Sai ta mai da shi cinyarta.

— Mersi, Tanti. Ki tafi da abinki. Ko bai dawo ba, fatar tawa ce, da ita za a binne ni.

Ranar ta tsaya a tsakar gida cikin hasken rana, ta ɗauki hoton fuskarta yadda take, da tabo da komai, ta tura wa Halidu ba tare da ta rubuta ko kalma ba.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Wata dattijuwa ce baƙa siririya, goye da yarinya, Halidu na bayanta kansa a sunkuye. Balkisa ta ja mayafi za ta rufe fuska, dattijuwar ta riƙe hannunta.

— Bar shi, ɗiyata. Bari in gani.

Ta shafa kumatun a hankali, ta bi tabon da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai hawaye.

— Launin Jamilata ke nan, wanda na haife ta da shi. Na roƙe ta ta bari, ta ce sai bayan haihuwa. Ke kin iya abin da ta kasa.

Ta juya ga Inna:

— In ta gama karatunta, muna roƙo. Mu ba mu da gaggawa.

Halidu ya ɗago ya ce, "Ki yafe mini, tsoro ne ya kore ni." Balkisa ta yi dariya cikin kuka, ta ce sai ya gyara firijin Inna tukuna.

Ƴan'uwana ƴanmata, ƙurji baƙo ne, yana zuwa yana wucewa. Ruwa mai tsabta, sabulu mai laushi da haƙuri sun ishi fuska, in abin ya ƙi a je wa likita. Kada ku ƙone fatar da Allah ya ba ku don zaton abin da wani gida ke so. Akwai gidajen da har yau suke kuka, da za a dawo musu da tasu ɗiyar baƙa ƙirin, da sun fi kowa murna.