Wanda Ke Fita Lokacin Addu'a

"Na ce ba zai shigo gidan nan ba, Auta. Ki gaya masa iyayensa su yi zamansu!"

Mama ta buga murfin tukunya. Gwaggo, ƙanwar marigayi Baba, tana zaune a kan kujera tana kaɗa kai kamar ita ta rubuta hukuncin. Kuma ita ce ɗin.

"Mama, me ya yi miki?"

"Tambayi gwaggonki."

Gwaggo ta gyara zama. Ita ce shugabar zumuntar mata a majami'armu, kuma ba a yin mako guda ba a nuna mata wani abu a mafarki ba.

"'Yata, yaron nan mai gyaran firiji... kin taɓa ganinsa ya tsaya addu'a har ƙarshe? Da Fasto ya ce a rufe ido, da an fara kiran sunan Yesu da ƙarfi, sai ya sulale waje. Mai ruhu mai kyau ba ya gudun wannan sunan."

Na so in kare shi, amma gaskiya ta faɗa. Ni ma na lura. Sau da yawa nakan buɗe ido bayan Amin in ga kujerarsa wayam.

Da yamma na same shi a shago, rabin jikinsa cikin wani tsohon firiji. Yana jin takuna ya fito yana murmushi, goshinsa duk baƙin mai. Wannan murmushin ne ya kama ni tun ranar da ya zo gyara namu, har yau bai sake ni ba.

"Sanyin idona, yau kin zo da fushi."

"Ina kake zuwa lokacin addu'a?"

Murmushin ya ɗauke. Ya ajiye sukudireba a hankali.

"Na yi wa wani alkawari ba zan faɗa ba."

"Har ni?"

"Musamman ke."

"Mace ce?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kamar in maka masa murfin firijin.

"Nawa, ba wasa nake yi ba. Mama ta ce an fasa zancen aurenmu. Gwaggo ta ce kana da mugun ruhu!"

Ya kamo hannuna.

"Ina sonki fiye da yadda zan iya faɗa. Amma idan na karya alkawarin nan, akwai wanda zai ɓace muku gaba ɗaya. Ki yi addu'a, Allah zai nuna miki."

Na fizge hannuna na tafi ina kuka. Kowa sai ya ce Allah zai nuna! Gwaggo an nuna mata, ni kuma an ce in jira. A ɗakina na durƙusa na ce, Ubangiji, ban san wa zan gaskata ba, ka buɗe mini ido.

Ranar Lahadi na zauna kusa da Mama. Da aka zo addu'ar roƙo, ta fara abin da take yi kowane mako. Yayana, ɗanta namiji tilo, ya faɗa shaye-shaye tun Baba na jinya. Ranar jana'iza ya zo yana tangaɗi, Mama ta ce a gaban jama'a ba ta da ɗa. Tun daga ranar ba mu sake ganinsa ba, ita kuma ba ta daina kuka ba.

"Ya Yesu, ka dawo mini da yarona... ko ina yake, ka dawo mini da shi!"

Ni dai yau idona a buɗe yake. Sai ga masoyin nawa ya miƙe a hankali, ya bi ta ƙaramar ƙofa. Na cire takalma na riƙe a hannu na bi shi.

Ashe Gwaggo ma da ido ɗaya take addu'a. Kafin in kai bayan ginin, ga ta tana janye da Mama, ɗayan hannun riƙe da kwalbar man addu'a.

"Yau za ki gani da idonki," take raɗa wa Mama.

Shi kuwa ya shiga 'yar rumfar da ake ajiye janareta. Muka laɓe a jikin bango. Muryar jama'a na fitowa ta tagar majami'a, janareta na ruri, amma duk da haka na ji maganarsa.

"Ɗan'uwa, yau hannunka bai yi rawa sosai ba. Ka ci abinci?"

"Na ci." Wata dusasshiyar murya ce, amma na san ta. "Yau ma ta kira ni?"

"Kamar kullum. Ka shiga mana, ko a kujerar baya."

"Ba yanzu ba. Sai na tabbata na daina ɗungurungum. Ba zan sake kunyata ta ba... Ka ci gaba da karanta mini inda muka tsaya."

Na leƙa. Yaya ne zaune a kan kifaffen bokiti, ya rame, amma rigarsa fes. Nawa yana durƙushe a gabansa, Littafi Mai Tsarki buɗe a gwiwa, ya riƙe masa hannu biyu.

Mama ta ture ni ta shige. Ban taɓa sanin tana iya gudu ba.

"Ɗana! Wayyo ɗana!"

Yaya ya zabura zai tsere, ta cafke rigarsa ta zube a ƙasa tare da shi, cikin ƙura da warin fetur.

"Mama, ban gama shiryuwa ba..."

"Wa ya ce sai ka gama? Ni ce na yi maka mugun baki. Ka yafe mini."

Suka rungume juna suna kuka, ni ma ina yi, ina dariya lokaci guda kamar wadda ta zauce. Gwaggo ta yi tsaye da kwalbarta, ta rasa inda za ta sa ta, daga ƙarshe ta cusa a jaka.

Mama ta ɗago ta dubi nawa.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Mama. Na tsince shi a bakin shagona. Lokacin da kowa ya rufe ido kaɗai yake yarda ya zo, don ya ji muryarki."

Gwaggo ta yi gyaran murya. "To... ni dai na ga yana fita."

"Ni ma na gani," in ji Mama. "Amma ba wadda ta tambayi Ubangiji ina yake zuwa."

Ta miƙa hannu ta ɗaga nawa tsaye, ta share masa ƙurar gwiwa da bakin mayafinta. Ya dube ni ta saman kanta yana murmushi.

"Yarona, ka gaya wa iyayenka su zo," ta ce, hannunta ɗaya har lokacin damƙe da rigar Yaya. "Yayanta ne zai tarbe su a ƙofa."