Lakar da Barira Ta Ɗebo a Kango

Ku matso kusa. Iliya, ajiye tuwon nan, labarin ba ya tafiya da abinci.

Kun san Yaya Barira, 'yar Kawu Jatau. A shekararta ta ƙarshe ta karatun zanen gine-gine aka ce kowa ya fito da zanensa daga kwamfuta, ya gina shi ɗan ƙarami a kan katako. Ita bakan gizo ta zana, irin lanƙwasasshen rufin sorayen da. A kwamfuta gwanin kyau. Inji ya yanko mata sandunan daidai da zanen, ta shafe su da laka. Yana bushewa sai ya tsage. Ta sake, ya sake tsagewa. In kuwa ba ta kai shi ba, sai maimaita shekara.

Kun san ta da taurin kai. Ta ce laifin ƙasar zamani ne. Rana tsaka ta ɗauki bokiti, ita kaɗai, ta nufi wani kango a bayan ganuwa. Ko sallama ba ta yi ba ta hau farfasa bango.

"Ɗakina kike rushewa."

Wata tsohuwa ce a tsugune. Bakinta a rufe, amma magana na fita. Duk inda ta taka a jiƙe yake, alhali ko ɗigon ruwa babu a wurin.

"Yi haƙuri, Iya. Ginin wasa zan yi."

"Yana da ƙofa?"

"Yana da ita."

"To ai ɗaki ne."

Tsohuwar ta dumbuzi ƙasa ta cusa a baki. Ta tauna a hankali. Ta tofar a bokitin, yawu na dalala har haɓarta. Ta sake dumbuza. Wari ya tashi kamar na kwatami.

"Gina da wannan. Amma duk abin da kika gina, lungu ɗaya nawa ne."

Da ni ce, da na bar mata har bokitin. Barira ta ce to. Da hannunta ta kwaɓa ƙazantar nan, hannun da take cin abinci da shi. Bakan gizo ya tsaya, ko tsaga ɗaya babu. Malamai suka yaba suna toshe hanci. Ta ci jarrabawa.

Har yau gininta ba ya tsagewa. Sai dai kowane gida da ta zana, akwai lungun da ba ya bushewa. A yi fenti, ya kumbura. A sa turare, warin ya danne shi.

Kada in ji waninku ya shiga kango shi kaɗai da rana tsaka, ko da sallama.

Iliya, ɗan matsa daga bangon nan. Ɗakin nan Yaya Barira ce ta zana wa Baba. Damshin da ke bayan rigarka ba ruwan sama ba ne.